Tayar Baya

Zufa ce ta sa Auta ya sayi keken lantarki.

Shekararsa uku a sito a wani babban kantin magani, yana sauke kwali yana jera kwali, inda ba mai ganinsa sai direbobin motar kaya. Da ɗaya daga cikin masu tsayawa a kanta ya ce zai bar aiki, Manaja ta kira shi ofis. Mace ce mai gilashi, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Ta ce duk gidan ba wanda ya kai shi sanin sunan magani da inda aka ajiye shi. Za ta gwada shi a gaba na sati biyu, shi da Tsinke, abokin aikinsa na sito. Gurbi ɗaya ne. Wanda ya dace shi zai riƙe farar riga.

"Amma da magana," ta ce. Ta cire gilashin tana gogewa don kada ta dube shi. "Gaba ba sito ba ne. Mai ciki tana zuwa, mai tashin zuciya yana zuwa. Mutum ya zo neman maganin amai, bai kamata mu ƙara masa ba. Ka gane?"

Ya gane. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige.

Tsakanin gidansu da kantin ba wani nisa, kilomita huɗu ne da 'yan kai. Sai dai a tsakiya akwai gadar da ta haye layin dogo, doguwa, mai hawa kamar ba za ta ƙare ba. Kullum da safe Auta yana taka kekensa ya hau ta, kafin ya sauka rigarsa ta manne da bayansa. Shi kuma irin mutanen nan ne da ko a inuwa suke tsatsafa. Ya gwada motar haya, sai ta zaga ta kasuwa tukun, awa guda cur, hammatar wani a hancinka, ka sauka da zufarka da ta jama'a. Ya gwada turare. Turare a kan zufa, gara zufar ita kaɗai.

Bai gaya wa kowa a gida abin da Manaja ta ce ba. Da wane baki?

Ya tattara ɗan abin da yake tarawa, bai kai kuɗin keken lantarki ba. Ya sayar da tsohon kekensa ga mai gadin kantin, ya cika.

Shagon kekunan yana bayan tashar jirgin ƙasa. Guda uku aka jera a ƙofa. Auta bai ko tsaya kan biyun farko ba, ya nufi na ukun, mai ruwan toka, wanda fentinsa ya ɗan kwarzane a jikin kariyar taya.

Mai shago, wani mai tumbi da tsinken sakace a baki, ya yi dariya. "Ƙanena, ka san wurin zamanka. Ina za ka riƙa zuwa da shi?"

"Aiki. Haye gada kawai."

"To ya ishe ka har ya yi yawa. Caji ɗaya, kwana uku. Ba ya gudu kamar waɗancan, amma ai ba ɓarawo za ka bi ba." Ya tsuguna da ƙyar, ya nuna cibiyar tayar baya, mai kauri kamar ƙaramar tukunya. "Injin yana nan ciki. Ka ga wannan 'yar takardar mai ƙyalli da aka liƙa kan noti? Ita ce igiyar aurenka da kamfani. Shekara guda, duk abin da ya samu injin su gyara. Ranar da ta yage, ba su san ka ba, ni ma ban san ka ba. Kada ka kai shi wurin masu facin bakin titi. Waɗannan ko agogo ka ba su, da guduma za su fara."

Auta ya ce to. Bai ce masa ubansa mai facin bakin titi ne ba.

Shekara arba'in Baba yana gyaran keke a rumfar da ke ƙofar gidansu. A da sai mutum ya bi layi. Yanzu babura sun cinye titi, yini guda sai ya yi faci biyu, sauran lokacin yana zaune kan benci yana jera sifanu daga babba zuwa ƙarami. Yana da ƙa'ida ɗaya da duk unguwar ta sani: sabon keke ba ya zama a gidansa bai ga cikinsa ba. Sai ya kwance shi kaf, ya wanke boris da kananzir, ya cika giris da yatsa, ya mayar. Ya ce kamfani rowar giris gare shi, suna shafawa ne kamar mai shafa kwalli. Keken da Auta ya sayar ma shi ya haɗa shi da hannunsa, ƙarfe ɗaya-ɗaya, shekarar da Auta ya gama sakandare.

Da Auta ya shigo layin, ba ƙara, ba taka feda, Baba ya miƙe daga benci. Ya zaga keken sau biyu. Ya kama sirdi ya ɗaga, ya yi nishi.

"Wannan keke ne ko jaki?"

"Batir ne ya sa shi nauyi, Baba."

"Ina wancan?"

"Na sayar."

"Wa?"

"Mai gadinmu."

Baba ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon titi. "Ka ce masa ya riƙa ɗaure birkin baya, yana saki," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa a kai ke nan.

Sai ya ɗaga tayar baya ya juya ta da hannu, ya kara kunne.

"Yana kukan ƙishi. Ba giris."

"Inji ne a ciki. Mai shago ya ce ba a buɗewa."

"Mai shago. Shekararsa nawa a duniya?"

"In aka buɗe, kamfani ba zai karɓa ba."

"Haka suke cewa duka, don ka koma musu. Kai, yaro, duk abin da aka ɗaura da noti, don a kwance aka ɗaura shi."

Auta ya kama hannun keken. A ce wa Baba kada ka taɓa keke? A gidansa, a gaban rumfarsa? Ya tura keken cikin gida. Washegari ya sayo sarƙa da kwaɗo.

Kwana biyar na farko Auta bai taɓa ganin irinsu ba. Ya murɗa hannu, keken ya ɗauke shi ya haye gadar kamar ana tura shi daga baya. Iska tana shiga ta wuyan rigarsa. A saman gadar ya ga rufin gidaje da dogon jirgin kaya yana jan jiki, abin da shekara uku bai taɓa ɗaga kai ya kalla ba. Ya isa kantin a bushe, ya sa farar riga a bushe.

Tsinke, wanda yayansa ke sauke shi a mota kullum, ya ƙare masa kallo. "A'a! Ango! Yau ba a yi ruwa a unguwarku ba?"

"Rani ya shigo," in ji Auta.

A kanta kuwa ba a haɗa su. Kafin mai saye ya gama miƙa takarda, Auta ya ɗauko maganin. Tsinke sai ya yi ta dube-dube yana murmushi, yana ce wa tsofaffi sannu Mama, sannu Baba, har Auta ya nuna masa da haɓa. Rana ta huɗu Manaja ta wuce ta bayansa, kusa sosai, ba ta kauce ba. Ta ce, "Madalla." Ya riƙe kalmar nan har gida.

Ranar hutu da safe ya ɗaure keken a jikin ƙarfen tagar ɗakinsa, ya zagaya sarƙar sau biyu, ya sa makullin a aljihu. Ya tafi aski.

Bai yi tunanin cewa mai gyaran keke ba ya bukatar keken gaba ɗaya ba. Taya kawai yake so.

Da ya dawo da rana, sarƙar tana nan, kwaɗon yana nan, keken yana tsaye da ƙafa ɗaya, an tokare bayansa da bulo. Baba yana tsakar gida a kan buhu, ya shimfiɗa tsumma fari, ya jera kayan cikin injin a kai ɗaya bayan ɗaya, yadda ya ciro su. Ga noti, ga ƙananan haƙoran roba guda uku, ga murfi. A cikin kwanon kananzir wani dunƙulen jan waya yana jiƙe. 'Yar takardar mai ƙyalli tana manne a gefen takalmin Baba.

Kuma Baba yana 'yar waƙa a ƙasan maƙogwaro.

"Yauwa, Auta, zo ka ga rowar kamfani." Ya ɗaga murfin. "Dubi nan. Ƙayau! Wata biyu da haƙoran nan sun cinye junansu. Allah ne ya taimake ka."

"Baba, wayar fa?"

"Ta ƙi fita ta cikin ƙarfen, na yanke. Ba komai, kala-kala ce. Ja da ja, baƙi da baƙi. Ko makaho ya haɗa."

Auta ya dubi bakin wayar. Manya uku, sai wasu sirara biyar kamar gashi. Ya juya. Inna tana ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta kafe shi da ido, ta girgiza kai a hankali.

Ya zauna a bakin rijiya. Awa uku yana kallon ubansa yana aiki. Hannuwan nan ba su manta komai ba, yatsun suna samun noti ba tare da ido ya duba ba. A wurin siraran wayoyin ne kawai Baba ya yi ta matso da su kusa da hanci, ya nisanta, ya juya su wajen rana. Ya murɗe su biyu-biyu, ya naɗe da baƙin salatif.

Da ya mayar da tayar ya juya ta da hannu, ta yi ta juyawa shiru, kamar ba za ta tsaya ba.

"Ka ji? Yanzu ya sha ruwa. Kunna."

Auta ya kunna. Fitilun batir suka kama, huɗu cif. Ya murɗa hannu. Tayar ta zabura gaba, ta zabura baya, ta yi wani gurnani. Ƙauri ya tashi. Shi ke nan.

Ya sake murɗawa. Shiru.

Baba ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. "Batir ne," ya ce. "Ka sa shi caji." Ya kwashe sifanunsa ya fita rumfa.

Inna ta zo ta tsaya kusa da Auta. "Kada ka ce masa komai."

"Inna, kin san abin da ya yi kuwa?"

"Na san ubanka ne. Rabon da in ji shi yana waƙa tun kafin babura. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Ni ne hannun, Inna. Ni aka yanke."

"Kai dai ka ji abin da na ce."

Washegari ya taka keken zuwa aiki, don ya kai wa mai shago da rana. Mataccen keken lantarki ba keke ba ne, hukunci ne. Ga nauyin batir, ga injin yana riƙe tayar kamar ana jan ta da igiya. A rabin gadar ya sauka ya tura. Ya isa kantin kamar wanda aka tsamo daga kogi. A bakin ƙofa tsohon kekensa yana jingine a bango, mai gadi ya sa masa sabon kwando.

"Ikon Allah," in ji Tsinke. "Damina ta dawo ba hadari."

Da lokacin cin abinci ya tura keken bayan tasha. Mai shago ya tsuguna, ya nemi takardar bai gani ba, ya shinshina cibiyar tayar, ya ɗago.

"Kananzir? Ƙanena, fitila na sayar maka?"

"A duba dai, maigida."

"Me za a duba? An yanke waya, an haɗa kore da shuɗi, an ƙona ƙwaƙwalwar injin. Wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Wani ne."

"To wannan wanin maƙiyinka ne, ka yi nesa da shi. Ban gaya maka ba? Ban ce kada ka kai wa 'yan guduma ba?" Ya tofar da tsinken. "Garin neman gira ka rasa ido. Sabuwar taya sai an yi oda, sati shida in an yi sa'a, kuma kuɗinta ya kusa rabin keken. Kamfani kam ka manta da su."

"Kwana biyar gare ni."

"Ko biyar ɗin minti ne, ni ba ni na yanke ba."

Sauran kwanakin Auta ya bar keken a gida, ko sarƙar bai ƙara sa masa ba. Yana fita da sassafe a ƙafa, yana tafiya a hankali kamar mai ciwon baya, da riga ta biyu a leda. Ya isa ya shige banɗakin ma'aikata, ya wanke hammata a wurin wanke hannu, ya tsaya a gaban ƙaramar taga yana fifita da kwali. Amma jiki in ya ɗauki zafi ba ya saki don an roƙe shi. Yana sa farar riga sai zufa ta fara tsatsafowa, tsoron ta fito kuma ya ƙara fito da ita.

Baba bai tambaye shi don me yake tafiya a ƙasa ba. Da safe in Auta ya gaishe shi, sai ya amsa yana kallon sifana.

Ana saura kwana ɗaya, wata mai tsohon ciki ta zo layinsa da takarda. Ta miƙa, sai ta janye hannun. Ta ja gefen mayafinta ta rufe hanci, ta koma layin Tsinke. Tsinke ya karɓi takardar ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya matso ya yi raɗa.

"Mutumina, wannan ina yake?"

"Layi na uku, sama, hagu," in ji Auta.

Da ya ɗaga kai, Manaja tana tsaye a ƙofar ofis.

Ranar ƙarshe ta kira shi bayan an rage jama'a. Wannan karon ba ta cire gilashin ba.

"Ba aikinka ba ne matsalar, kai ma ka sani. Satin farko na yi zaton an wuce wurin. Me ya faru?"

"Keken ya lalace."

"Sabo?"

"E."

Ta jira ko zai ƙara. Bai ƙara ba.

"To. Sito ma yana bukatar mai kai. Ka ajiye rigar a kwandon wanki."

Ya ajiye. A hanyar fita Tsinke ya kama hannunsa, ba dariya a fuskarsa. "Wallahi kai ya kamata." Auta ya zare hannunsa ya wuce. Da Tsinke ya yi masa tsiya ma da ya fi sauƙi.

Ya hau gadar a ƙafa, rana tana dukan ƙeyarsa. Tun daga sama yake shirya maganar. Yau zai faɗa. Zai ce, Baba, ka san abin da ka ci mini? Zai faɗi maganar Manaja, da ta mai ciki, da ta mai shago. Inna ta yi kukanta in ta ga dama. Ya maimaita kalmomin har suka zauna a bakinsa.

Da ya shigo layin ya hango keken a gaban rumfa, a tsaye, an wanke shi yana ƙyalli. Sai da ya matso ya ga abin da ya canza. Ba batir. Ba wayoyi. An cire abin murɗawar, an sa robar hannu ta gargajiya. A baya akwai siririyar taya ta keke, mai sababbin sifoki. Injin da batir suna cikin wani tsohon bokitin fenti a gefe, tare da lanƙwasassun feda da guntayen sarƙa.

Ya san tayar. A cikin rumfa keken Baba, baƙin nan da ya girmi Auta, yana rataye a ƙugiya, bayansa wayam.

Baba yana zaune kan benci, giris har gwiwar hannu, yatsansa ɗaya a naɗe da tsumma. Bai dubi Auta a ido ba.

"Kwana uku ina kansa," ya ce. "Ƙarfen jikinsa mai kyau ne, ban raina ba. Tarkacen ne suka yi masa yawa. Yanzu ya zama keke." Ya share maƙogwaro. "Hau ka ji."

Maganar tana nan a bakin Auta, a shirye. Ya dubi keken da ke rataye. Ya dubi yatsan. Inna ta leƙo ta ƙofar gida, hannunta a ƙirji.

Ya hau.

Abin takaicin, keken ya yi daɗi. Bai taɓa hawan irinsa ba. Taka ɗaya ya kai shi gida na uku, sarƙar ba ta ko numfashi, birkin yana kamawa kamar ya san abin da kake so. Ya tafi har gindin gadar. Ya tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ɗaga kai ya kalli hawan. Tuni wani ɗigo ya taso daga ƙeyarsa, ya gangara ta tsakiyar bayansa.

Ya juyo.

Baba ya miƙe tsaye yana jiransa a bakin titi.

"Yaya?"

"Ya yi, Baba."

"Ai na gaya maka. Wannan sai dai ka bar wa 'ya'yanka. Gobe ka je aiki da shi, su gani."

"To."

Ya tura keken cikin gida ya jingine a bango. A ɗaki ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ya tono shuɗiyar rigar sito, ya karkaɗe ta. Inna ta tsaya a ƙofa tana kallonsa.

"Ina farar?"

"An kai wanki," in ji Auta. Ya rataye shuɗiyar a ƙusa.